Ranar Sunan Bara'atu

Wayar ta daki bango ta faɗa cikin kwandon kayan jarirai, amma ba ta yi shiru ba. Kiɗan ƙarshen shirin ya ci gaba da tashi daga ƙarƙashin zannuwa.

"Ke Hussaina, wayata ce fa!" in ji Ummu Salma. Ta yi wuf ta ɗauko tana shafa gilashin da bakin mayafi. "Ni na rubuta musu labarin, da za ki huce a kaina?"

Hussaina ko kallon ƙawar tata ba ta yi ba. Tana zaune a bakin gado cikin leshin suna, lalle har gwiwar hannu, idanu jawur. Yau kwana bakwai da haihuwarta ta fari, a gidan iyayenta a Gaya, inda ta zo wankan gida. Da asubar yau aka raɗa wa jaririyar suna a masallacin unguwa. Yanzun nan kuma, ƙarfe biyu na rana, ta gama kallon kashin ƙarshe na *Ƙararrawar Tashi*, wanda aka haska jiya da yamma lokacin da gwaggonta ta tsare ta a banɗaki da tukunyar ruwan zafi da ganyen darbejiya.

Shekara uku ana wannan shiri, kowace Asabar. Labarin 'yan matan wata makarantar kwana ne, tauraruwarsa kuwa Bara'atu, 'yar manomi, wadda duk makarantar ake satar amsa ita kaɗai ta ƙi. An yi mata sharri, an sa ta wankin banɗaki, an hana ta zama shugabar ɗalibai, yarinyar nan ta tsaya ƙyam. To, a kashin ƙarshe, ana gobe jarrabawar fita, sai ga Bara'atu ta haura tagar ofishin shugabar makaranta. Ta sace takardar tambayoyi, ta haddace tsaf, sannan ta cusa ta cikin akwatin Hanne, aminiyarta da suke cin kwano ɗaya. Aka kori Hanne a gaban duk makaranta. Bara'atu ta zo ta ɗaya, aka ba ta gurbin karatu a ƙasar waje. Abu na ƙarshe da aka nuna shi ne tana zaune a bayan mota, ta waigo ta kalli masu kallo ta yi murmushi. Shi ke nan fa, wai an gama.

Sunan da liman ya faɗa da asubar yau kuwa, aka shafa fatiha a kansa, aka yanka rago: Bara'atu.

"Allah ya isa tsakanina da daraktan nan," in ji Hussaina. "Allah ya isa ban yafe ba. Shekara uku! Wallahi ya ci amanata."

"Ai ba ke kaɗai ba. Ki ga guruf ɗinmu na masu kallo a waya, tun jiya ake tsine masa. Wata 'yar Ajingi ta ce ta ƙona rigar da muka buga mai hotonta." Ummu Salma ta saci kallon jaririyar da ke barci a tsakiyar gado, ta rage murya. "Sai dai kuma an fara maganarki."

"Me aka ce?"

"Ba komai."

"Ummu Salma, me aka ce?"

"Cewa aka yi wai a Gaya an haifi sabuwar Bara'atu, masu akwati su sa kwaɗo."

Hussaina ta ji kamar an watsa mata sauran ruwan jegon. Ita da bakinta ta shelanta a guruf ɗin tun cikin yana wata bakwai, cewa in mace ta haifa to Bara'atu ce. Har ta ce ita ba ruwanta da kunyar 'yar fari irin ta mutanen da, sunan 'yarta za ta riƙa kira gatsau, kowa ya ji. Aka yi ta tura mata hoton tafi.

A daren da ta faɗa wa mijinta Abdulmumin, malamin gona a ƙaramar hukuma, ta shirya wa musu. Ta san mutanen garinsu Gafasa, ba sa sa suna sai na wani a dangi. Amma da ta faɗi sunan sai ya ajiye cokali ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Hussaina." Ba ta taɓa cin nasara a kansa da sauƙi haka ba, har ta yi ta ba ƙawaye labari.

Yanzu ta ɗauki wayarta ta kira shi. Ba ta shiga ba. Tun hantsi ya ɗauki adaidaita sahu ya tafi Gafasa ɗauko 'yan'uwansa, hanyar kuwa sabis sai an dace. Ta danna ta fara saƙon murya.

"Malam, ka ji ni da kyau. Sunan nan ba na so. Ka je ka sami liman yau ɗin nan, ba gobe ba, a sake. Ko wane ne a sa, ban da wannan. Ni ba zan yi goyon maci amana ba."

Ta tura. Saƙon ya tafi, amma bai nuna an buɗe ba.

A tsakar gida mata sun fara cika. An shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya, ƙamshin waina da soyayyen naman suna ya gauraye da turaren wuta. Mahaifiyar Hussaina ba ta nan. Tana maƙwabta inda aka ɗora manyan tukwane, don ita har yanzu tana yin kunyar da 'yarta ta ce ta daina. Da safe dai ta leƙo ta ce, "Kin kyauta, Allah ya sa ki gama lafiya," ta fice. Hussaina ta ɗauka leshin take yabawa.

Da aka fito da maijego aka zaunar da ita a kujera, tsofaffi suka yi ta barka, 'yan mata kuwa suka kewaye ta kowa da waya a hannu. Ba wadda ta tambayi lafiyar jaririya sau biyu. Zance ɗaya ne.

"Ni abin da ya fi ƙona min rai murmushin nan."

"Marubucin ne ya canza. An ce na farkon sun yi faɗa ya tafi."

"Ƙarya ne, tun farko mugaye ne. Sun ga mun saki jiki."

"Wallahi in na ga yarinyar nan a Kano sai na tofa mata yawu."

"To ita me ta yi? Abin da aka rubuta mata ta yi."

"Ta ƙi mana! Ba ta da baki?"

Ana cikin haka Hassana ta shigo, abokiyar tagwaicin Hussaina, da farar rigar asibiti a ƙarƙashin hijabi don daga aiki ta wuto. Ta ajiye ledar sabulu da zani, ta tsaya tana jin su, tana taunar cingam. Kama suke kamar an tsaga kara, amma ba su taɓa son abu ɗaya ba.

"Wai duk wannan kumfar bakin a kan wasan yara ne?" in ji ta. "Ni na kalla jiya. Shi ne kashi ɗaya tak da suka faɗi gaskiya."

"Gaskiya?" Hussaina ta ɗago.

"Gaskiya mana. Wa kika taɓa gani ya ci jarrabawa da kyan hali? Yarinya ta yi shekara uku tana wahala, ta farga, ta nemi mafita. Laifinta ɗaya da ta haɗa da ƙawarta."

Duk wanda ya san gidan ya san inda maganar ta dosa. Shekarar da tagwayen suka yi jarrabawar fita, ranar lissafi wata takarda ta riƙa yawo daga benci zuwa benci. Hassana ta kwafa. Hussaina ta tura ta gaba ba ta ko buɗe ba. Yau Hassana tana asibiti ana ce mata malama, Hussaina tana ɗaki tana taka keken ɗinki. Shekara uku Hussaina tana zama gaban talabijin kowace Asabar tana jiran ranar da za a nuna wa duniya cewa ita ce ta yi daidai. Ranar ta zo, ga abin da aka nuna.

"Ai dole ki ce gaskiya ce," in ji Hussaina. "Ɓarauniya ta ga 'yar'uwarta."

"Ni ce ɓarauniya?"

"Na kira suna?"

"A'a, ai kin riga kin kira da asuba." Hassana ta nuna ɗakin da jaririyar take da haɓa. "Ni dai ban sa wa 'yata sunan ɓarauniya ba."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Gwaggo ta ce, "Kai, ku ji min yara, ranar suna?" Amma Hussaina ta riga ta miƙe, ɗankwalinta ya zame, ta manta da ɗinkin da ke jikinta, ta manta da baƙi.

"Ku saurara duk ku ji!" ta ce da ƙarfi. "Daga yau kar wadda ta kuskura ta kira min 'ya da wannan suna. Bara'atu! Tir da Bara'atu! Sunan munafukai, sunan maciya amana! Duk mai wannan suna ba ta da alheri, ko a ina take. Gara a kira 'yata da sunan akuya. Gobe war haka an sake shi, ko na bar wa mai gidan gidansa!"

A daidai nan wata guɗa da ta taso daga zaure ta katse a tsakiya.

Mutanen Gafasa ne. Mata shida, ƙurar hanya a gefen zannuwansu, ɗauke da ƙwarya da buhun gero. A gabansu Yaya Sabuwa, yayar Abdulmumin, hannunta har yanzu a kan hanci inda ta fara guɗar. A gefenta kuma wata 'yar tsohuwa siririya cikin sabuwar atamfa da ko karin guga bai sake ta ba, riƙe da igiyar wata farar tunkiya mai ciki.

Surukar Hussaina ce, uwar Abdulmumin. Hussaina ba ta sa ran zuwanta ba. Matar da duk Gafasa, yaro da babba, ke kira Amarya, 'ya'yanta kuma su ce Inna, ba ta zuwa biki, ba ta zuwa suna. Shekara biyu da auren nan, maganarta da Hussaina ba ta wuce "lafiya lau" da "a gaida gida". Ta taɓa cewa matar Abdulmumin ta fi sanin fuskar waya a kan fuskar mutane, aka kawo wa Hussaina maganar da zafinta.

Tsohuwar ta yi sallama a hankali. Aka amsa a rarrabe. Ta miƙa wa Gwaggo igiyar tunkiyar, ta cire takalmi, ta ce, "Ina jaririyar take?" Aka nuna mata ɗaki ta shiga.

Hussaina ta durƙusa za ta gaida Sabuwa. Sabuwa ta damƙi hannunta ta ja ta bayan rumfa, yatsunta kamar ƙarfe.

"Ke wace irin mara mutunci ce?"

"Yaya, ba da ku nake ba. Wani shiri ne na talabijin..."

"Talabijin ɗin uwar wa? Wa kike tsammani aka yi wa takwara?"

"Takwara?"

"Kar ki raina min hankali. Ƙanena ya zo da safe yana rawar jiki, ya durƙusa gaban Inna ya ce matarsa da kanta ta zaɓa, ba wanda ya sa ta. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Ta kwance tunkiyar da ta fi so a garke. Matar da rabonta da hawa mota tun rasuwar Baba, yau ta sha jijjiga tun daga Gafasa don ta ga takwararta. Shi ne za ki tara mata mutanen Gaya ki yi mata wannan wankin?"

Sai yanzu Hussaina ta gane ma'anar cokalin da Abdulmumin ya ajiye, ta ji "kin kyauta" ɗin mahaifiyarta. Wa zai gaya mata? Shi ɗa ba ya kama sunan uwarsa. Ita kuma, shekara biyu, bai taɓa zuwa ranta ta tambaya ba. A wajenta Amarya suna ne kamar kowane suna.

"Wallahi Yaya ban sani ba."

"Wannan ya fi muni," in ji Sabuwa, ta sake ta.

Ɗakin da duhu-duhu bayan hasken waje. Tsohuwar tana zaune a ƙasa kan tabarma, ta miƙe ƙafafu, jaririyar a cinyarta. Ta buɗe mata kai tana duba askin wanzami. Hussaina ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ina wuni. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Inna, don girman Allah ki yafe min. Ban san..."

"Na jiyo ku da Sabuwa. Ita waccan ɗin, ta cikin akwatin kallo. Me ta yi?"

A bakin Hussaina labarin da ya hana Gaya sukuni ya koma 'yan kalmomi marasa nauyi. "Takardar jarrabawa ta sata. Ta sa a akwatin ƙawarta, aka kori ƙawar."

"Ba ta kyauta ba," in ji tsohuwar. "'Yar wane gari ce?"

"Ba... ba ta gaske ba ce, Inna. Wasa ne. Shirya shi aka yi."

"Au. Babu ita ma."

Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da shafa kan jaririyar da babban yatsa.

"Ina da shekara goma sha shida aka kawo ni Gafasa daga Balan," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba. "Ranar aka ce ga amarya. Shi ke nan ya bi ni. Na haifi tara, na binne uku, na yi jikoki, ina Amarya. Mai gidan har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunana ba. Babata ce ta ƙarshe da take kira na da shi, ita ma ta fi shekara talatin a ƙasa. Har nakan zauna in faɗa wa kaina shi a zuci, don kar ya ɓace min."

Hawaye suka zubo wa Hussaina, suka ɗiga a kan leshin.

"Da safe yaron nan ya zo. Shi ma bai iya faɗa ba, cewa ya yi an yi min takwara. Duk hanya ina cewa a raina, yau dai zan ji shi a bakin mutane. Ko maroƙi ne ya faɗa, ko wata ta yi suɓul da baka." Ta ɗan yi murmushi. "To, na ji. Tun daga zaure na ji. Muryarki da ƙarfi, tubarkalla."

"Inna, ki dake ni. Ki zage ni. Wallahi ya fi min."

"In dake ki a kan me? Ba ki san ni ba ne. Wanda bai san ka ba ai bai zage ka ba." Ta tofa wa jaririyar addu'a a ka, ta naɗe ta, ta miƙo. "Karɓi 'yarki. In kin ga a sake, a sake. Abdulmumin ba zai ji komai daga bakina ba, Sabuwa ma zan hana ta. Tunkiyar ta yarinya ce, ko wane suna ta tashi da shi."

Ta dafa bango ta miƙe. Ba ta ci waina ba, ba ta sha kunu ba. Ta ce rana ta yi, hanya ba kyau, gara su koma da haske. Gwaggo ta yi roƙo, mahaifiyar Hussaina ta rugo daga maƙwabta hannu duk manja tana ba da haƙuri ba ta ma gama jin abin da ya faru ba. Tsohuwar ta yi godiya ta sa takalminta. Matan Gafasa suka bi bayanta ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta waiwayo.

Kafin la'asar sakaliya taron ya watse. Suna irin wannan ba ya daɗewa. Kowa tana sauri ta je ta ba da labari. Hassana ta tsaya tana tattara kwanuka. Ummu Salma ta leƙo ɗaki da waya a hannu.

"An ce za a rubuta wa tashar takardar ƙorafi, kowa ta sa sunanta. Wai dole su sake ƙarshen. In sa naki?"

"Fita," in ji Hussaina.

Wayarta ta yi ƙara. Abdulmumin ne, ana jin ƙugin adaidaita da iska a bayansa.

"Hussaina, kin ga Inna kuwa? Kin ga atamfar? Ta ce gajiya ce ta sa ba ta zauna ba, zan mai da su in dawo." Muryarsa fal murna, har yana haɗa kalmomi. "Na ga kin turo saƙo, hayaniya ta hana ni ji. Mene ne?"

Ta cire wayar daga kunne. Saƙon yana nan, daƙiƙa goma sha tara, ba a buɗe ba. Ta danna shi ta goge daga wayarta da tasa.

"Ba komai," ta ce. "Kuskure ne. Ku sauka lafiya. Ka ce ina gaida Inna."

"Ga ta kusa da ni, ki gaya mata da kanki."

Ta ji ya kawar da wayar yana yi wa Inna magana. Sannan muryarsa ta dawo. "Ta ce tana amsawa."

Hussaina ta ajiye wayar. A tsakar gida tunkiyar tana ta jan igiya tana kuka wajen zaure. Jaririyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta fara neman nono. Hussaina ta ɗauke ta ta rungume, ta kai bakinta daidai ɗan kunnen nan. Ba kowa a ɗakin. Ta yi niyyar ta faɗe shi sau ɗaya a hankali, yadda ya kamata a ce an ji shi ɗazu.

Leɓɓanta suka haɗu a kan harafin farko, suka tsaya. Sunan surukarta ne. Ta sake gwadawa, harshenta ya ƙi.

"Yi shiru, Inna," ta ce. "Yi shiru, ga shi nan."